Hutun yara a Shimla cikin watan Agusta: mu tafi ko mu haƙura?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka san Indiya. Bara aka yi wa surukina aikin zuciya a Delhi, likita ya ce a dawo da shi a duba shi cikin Agusta mai zuwa. To maigidan ya ce tunda yara za su kasance cikin dogon hutu, mu tafi gaba ɗaya, in an gama ganin likita mu haura wani gari a kan duwatsu, Shimla, mu yi kwana biyar. Mu bakwai ne: ni da shi, Baba, yara uku, sai ƙanwar maigidan. Yaran tun da suka ji ba su bar ni na huta ba, wai za su ga dusar ƙanƙara irin ta finafinan Indiya. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya ba ni haske.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mun je da iyalina shekara biyu da suka wuce, amma mu farkon Yuni muka je. Gari ne mai kyau, ban da abin cewa. Sai dai fara gaya wa yara gaskiya tun yanzu: babu ƙanƙara a Shimla cikin Agusta. Ko mu da muka je Yuni ba mu ga ko ɗigo ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu take sauka.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Yau akwai kuka a gidan nan ke nan.

Ɗalibi a Solan: Anti, ni ina karatu a Solan, kan hanyar Shimla ɗin ce, tsakaninmu bai kai awa biyu a mota ba. Batun ƙanƙara mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna watan da kuka zaɓa. Mu a gida in an ce dogon hutu, ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba. Su kuwa mutanen nan hutunsu na zafi Mayu da Yuni ne, daidai da bazararmu, lokacin da Delhi ke kaiwa digiri 45, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya gudu kan dutse. Daga ƙarshen Yuni damina ke shigowa Himachal, jihar da Shimla take ciki, kuma Yuli da Agusta su ne tsakiyarta. Damina a kan dutse ba irin ta Kano ba ce da za a yi ruwa awa ɗaya rana ta fito. Ƙasa ke jiƙewa ta zaftaro kan titi da bishiyoyinta da duwatsunta. Ina nan a 2023. Ranar 14 ga Agusta ƙasa ta rufta kan wani wurin ibadar Hindu a unguwar Summer Hill cikin Shimla, mutane kusan 20 suka rasu. A nan kusa ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, ƙarafunan suka tsaya suna reto a sama. Makonni aka yi jirgi bai hau ba. Babbar hanyar da ta taso daga Chandigarh ma sau da yawa ana rufe ta. Ni da ke zaune a nan, cikin Agusta ba na hawa Shimla sai dole.

Ɗan Kwari: Kai ɗalibi kada ka tsorata baiwar Allah. 2023 shekara ce ta daban, kowa ya sani. Ni harkar yadi ke kai ni Surat da Ludhiana, kuma sau biyu ina leƙa Shimla cikin damina, ba abin da ya same ni. Otal ya fi araha a lokacin, babu cunkoso, gari ya yi shar. Ga shi lokacin tsinkar tuffa ne, a bakin hanya za ki ga an jibge ta kamar mangwaro a Gboko. Ajali ko a kan gadonka yake in ya zo.

Ɗalibi a Solan: Alhaji kai kaɗai ka je da jakarka a kafaɗa. In hanya ta rufe sai ka kwana a mota ka yi dariya. Ita da tsoho mai ciwon zuciya za ta je da yara uku, ga tikitin komawa gida mai rana. Kuma ba 2023 kaɗai ba ce, kowace damina sai an rufe hanyoyi, yawan ɓarnar ne ke bambanta.

Ɗan Kwari: To ai ban ce ta tafi ido rufe ba. Ta duba hasashen yanayi, ta bar kwana biyu a tsakani kafin ranar jirginsu.

Anti Nas: Ku dakata da maganar ruwa tukuna, ni wani wuri hankalina ya tafi. Maman 'Yan Biyu, wane irin aiki aka yi wa Baba, kuma yanzu yana hawa bene ba tare da haki ba? Shimla tana sama da mita 2,200 daga doron teku. Jos da muke cewa tana da tudu wajen mita 1,200 ce. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai ɗan haki kwana na farko, amma iskar da ake shaƙa a can ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, zuciya sai ta ƙara aiki. Ba na cewa ba zai iya ba, masu ciwon zuciya da yawa na zuwa. Amma wannan tambaya ce ta likitansa, a yi ta tun kafin a biya kuɗin otal, ba bayan an biya ba.

Maman 'Yan Biyu: Anti jijiyoyin zuciya aka sauya masa. Yana tafiya masallaci da ƙafarsa, amma bene hawa ɗaya sai ya tsaya ya huta. Wallahi ban kawo wannan a raina ba sam.

Baban Ummi: To in haka ne bari in faɗa miki abin da hotuna ba sa nunawa. Shimla ba ta da fili. Garin a manne yake a jikin tsauni, gida kan gida, duk inda za ka ko hawa ne ko gangara. Babban titinsu da ake kira Mall Road, inda shaguna da gidajen abinci suke, mota ba ta shiga, sai motar asibiti da ta kashe gobara. Mu direba ya sauke mu a titin ƙasa, Cart Road, ya nuna mana sama ya ce otal ɗinku na can. Akwai lif na gwamnati da ake biya a hau zuwa Mall Road, amma daga nan ma sai da muka taka matakala fiye da yadda zan iya ƙirgawa. 'Yan dako ne suka goya akwatunanmu a baya da igiya, yawancinsu 'yan Kashmir, Musulmi, har ɗaya ya ji muna salati ya juyo ya yi mana sallama. Uwargida ta kusa yin kuka a hanya. A intanet otal ɗin ya rubuta wai minti biyar ne zuwa Mall Road. Minti biyar ɗin akuya ne, ba na mutum ba. Duk otal ɗin da za ki kama, ki tambaye su a rubuce: mota na zuwa har ƙofa? Akwai lif a ciki?

Bazazzagiya: Minti biyar ɗin akuya! Baban Ummi ka gama da ni yau.

Malam Na Gembu: Ni tambayata ɗaya ce, ba da wata manufa ba. Mutum bakwai, tikitin jirgi bakwai, biza bakwai, a wannan tsadar dala, don a je a ga dutse da hazo? Ku zo Mambilla mana. Ga sanyi, ga ciyawa kore har iya ganinka, ga gonar shayi a Kakara, ga shanu, ga nono. Dutsen Chappal Waddi da ke kusa da mu ya haura mita 2,400, ya fi garin Shimla ɗin tsawo. Ba biza, ba wanda zai tsaya yana kallon 'ya'yanki kamar ya ga sabon abu.

Maman 'Yan Biyu: Malam ai tafiyar dole ce ta kai mu, asibiti. Hutun ɗorawa aka yi.

Malam Na Gembu: Asibiti Baba da mutum ɗaya yake buƙata Hajiya, ba mutum bakwai ba. Gaskiya ɗaya ce.

Bazazzagiya: Malam ka bar mutane su ci kuɗinsu yadda suke so. Kuma kai ma ka san hanyar Gembu daga Jalingo cikin damina ba wasa ba ce, hawan nan na bayan Serti kaɗai ya isa ya sa mai hawan jini ya tuba. Ita ta tambayi Shimla, ba ta tambayi ina za ta kashe kuɗinta ba.

Malam Na Gembu: Hanyar dai an san da ita, ban musa ba. Amma in ba mu je namu ba wa zai gyara ta?

Admin: A dawo kan tambaya don Allah. Malam, buɗe mana zance na daban kan Mambilla, ni ma ina so in ji.

Ɗalibi a Solan: Abin dariyar shi ne maganar Malam da ta Shimla tushensu ɗaya. Turawan Ingila ne ba sa jure zafi, duk inda suka mallaka sai sun nemi tudu sun kafa wurin shan iska. A wajenmu Jos suka samu, har otal ɗin Hill Station yana can da sunan. A Indiya kuwa abin ya wuce shan iska. Daga 1864 suka mai da Shimla hedikwatar mulki ta lokacin zafi. Duk shekara sai a kwashe gwamnati ɗungurungum daga Kalkata, takardu da akawuna da komai, a hauro dutse, in sanyi ya shigo a koma. Gidan da wakilin sarautar Ingila ke zama, Viceregal Lodge, an gama shi 1888, yanzu cibiyar nazari ce amma ana zagayawa da baƙi ciki. A nan aka yi taron 1945 da su Jinnah, jagoran jam'iyyar Musulmi, da shugabannin jam'iyyar Congress kan makomar ƙasar, aka tashi baram-baram, bayan shekara biyu aka raba Indiya da Pakistan. A garin ne kuma Indira Gandhi ta Indiya da Zulfikar Ali Bhutto na Pakistan suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta 1972. Shi gidan Viceregal Lodge ɗin mota na kaiwa kusa, Baba zai iya ganinsa ba wahala.

Baban Ummi: Ni abin da ya biya ni kuɗina a tafiyar nan jirgin ƙasa ne, ba garin ba. Daga Delhi muka hau jirgin safe zuwa Kalka, awa huɗu. A Kalka ake sauya zuwa wani ɗan ƙaramin jirgi, faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi kacal, tun 1903 yake aiki. Kilomita 96 ne amma awa biyar ko fiye yake ci, saboda tafiyar hawainiya yake yi yana nannaɗe dutse. Yana ratsa rami 102 a cikin duwatsu, gadoji kuwa sun haura 800. Yarana sun ce sai sun ƙirga ramukan, suka rikice a na arba'in da wani abu suka fara faɗa. Mafi tsawo shi ne na Barog, ya fi kilomita ɗaya, duk yaran cikin jirgi, namu da na Indiyawa, ihu suke in an shiga duhu. A tashar Barog ɗin ana tsayawa a sha shayi. Kina zaune za ki ji iska na sauyawa, zafin Kalka na baya, ga ƙamshin itatuwan deodar na shigowa ta taga. Ummi ta sa rigar sanyi a hanya ba wanda ya ce mata. Sai dai a sayi tikiti da wuri, kujerun kaɗan ne. Kuma ga mai yin amai a mota jirgin ya fi, domin da muka dawo ta mota kwanar hanyar nan sai da ta sa yara biyu suka amayar da duk abin da suka ci. Leda ma ba mu samu ba, an hana amfani da ita a jihar.

Bazazzagiya: Ba wanda ya yi maganar abinci. Ni shi ne matsalata da Indiya. Wata uku na yi jinyar mahaifiyata a Chennai, na rame kamar ni ce marar lafiyar.

Ɗalibi a Solan: Hajiya a nan ma sai an yi haƙuri. Naman sa ki cire shi a lissafi, doka ta hana yanka saniya a Himachal, kada ma yara su tambaya da ƙarfi a gidan abinci. Kaza da akuya akwai, amma yanka iri biyu ne: halal da jhatka, wanda ake sare kai da sara ɗaya. A wannan yanki jhatka ya fi yawa, saboda haka a tambaya, kada a ɗauka. Musulmi kaɗan ne a garin, amma akwai masallacin Juma'a a Middle Bazaar, ƙasa da Mall Road kaɗan, a kewayensa ake samun masu abincin halal. In an rasa, shinkafa da wake suna nan, rajma chawal suke ce masa, jan wake ne da miya, yara na ci. Akwai siddu, wani burodi da ake turarawa a ci da man shanu. Duk abin da ke cikin kwali ko gwangwani ki duba alama: ɗigo kore ba nama a ciki, alama mai ruwan ƙasa akwai. Ku taho da yajinku da garin kunu. Kilishi kam ban ba ku shawara ba, a filin jirgi za a iya karɓewa.

Ɗan Kwari: Tunda abinci da sallah ne damuwa, me ya hana ku Kashmir? Srinagar garin Musulmi ne, kiran sallah ko'ina, nama halal ba tambaya. Awa ɗaya da rabi ne a jirgin sama daga Delhi, ba hawa dutse a mota. Tana wajen mita 1,600, ba ta kai Shimla tudu ba, kuma cikin garin shimfiɗe yake. Damina ma ba ta yi mata yawa kamar Himachal saboda duwatsun Pir Panjal na tare ta. A kwana a gidan kwale-kwale kan tafkin Dal, a hau ƙaramin kwale-kwalensu, shikara, da yamma. Yawancin wuraren da muke gani a tsofaffin finafinai ai can ne.

Anti Nas: Alhaji ka manta Afrilun 2025? A Pahalgam, cikin Kashmir ɗin, aka harbe mutum 26, kusan dukkansu masu yawon buɗe ido, har Indiya da Pakistan suka yi kwanaki suna musayar wuta. Ni ba zan kai 'ya'yana inda soja ke tsaye kowace kwana ba, na baro irin wannan a gida.

Ɗan Kwari: Mutane sun koma suna zuwa Anti.

Anti Nas: Su koma. Ni dai na faɗi nawa.

Maman 'Yan Biyu: Kashmir kam maigidan ba zai yarda ba, na san shi. Baban Ummi, da gaske ne maganar birai? Ƙanwar maigidan ta gani a wani bidiyo ta ce ita ba za ta ba.

Baban Ummi: Gaskiya ne, kuma ni ganau ne. Akwai tsaunin Jakhu, shi ne mafi tsawo a garin, da wani ƙaton gunkin Hanuman na 'yan Hindu a kai mai tsawon ƙafa 108, daga ko'ina ana hango shi. Mu ba ibada ta kai mu ba, mun hau ne don a ga gari daga sama. A ƙofa ana ba da hayar sanda, na ce me zan yi da sanda ni da ba makaho ba. Ban yi taku ashirin ba biri ya diro kafaɗata ya zare min gilashin ido, ya haye bishiya ya zauna yana kallona. Wani mai sayar da gyaɗa ya ce in saya ya jefa masa. Da ya cafe gyaɗar sai ya saki gilashin. Wallahi har yau ina zargin shi da mai gyaɗar haɗin baki suke. A otal ma an gargaɗe mu kada mu bar taga a buɗe. Kada yaro ya riƙe abinci a hannu a waje, kada kuma a haɗa ido da su. In biri ya yakushi yaro a je asibiti nan take a yi allura, ba a jira.

Bazazzagiya: Biri ya yi garkuwa da gilashi an biya kuɗin fansa. Har can ma abin ya kai.

Ɗalibi a Solan: Anti ga shawarata a taƙaice, ki kai wa Yaya maigidanki. A raba tafiyar biyu. Agusta shi da Baba su je ganin likita su dawo. In hutun yara ake so a Shimla, hutun zango na biyu da ake yi wajen Afrilu ya fi kowane lokaci: ba ruwa, ba cunkoson Mayu da Yuni, rana mai daɗi, dare da sanyi. Cunkoson nan ba ƙarami ba ne, a 2018 ruwan famfo ya ƙafe a garin ƙarshen Mayu har mazauna suka riƙa roƙon baƙi a intanet kada su zo. In kuwa ƙanƙara ce dole, hutun Disamba, a haura Kufri ko Narkanda da suka fi Shimla tudu, amma ba da Baba ba, kuma ko a Disamba sa'a ce. Sannan a kula da biza: ta jinya daban, ta mai rakiyar marar lafiya daban kuma mutum biyu ake ba, sauran sai ta yawon buɗe ido. Kowa da katin allurar shawara, har yara, in babu ana iya tsare mutum a killace shi a filin jirgi. Otal kuma ki tabbatar suna karɓar baƙin waje, domin sai sun cike wata takarda da fasfo ɗin kowa, ƙananan masaukai wasu ba sa son wahalar sai su ce ba ɗaki.

Ɗan Kwari: Raba tafiya biyu kuɗin jirgin maigida biyu ke nan. Ɗalibi da ganin ka ba kai ke biya ba.

Ɗalibi a Solan: Haka ne Alhaji, babana ke biya min, Allah ya saka masa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta wa maigidan duk abin da kuka rubuta. Ya tura wa likitan saƙo, amsa ta zo da safen nan: ya ce sai ya ga sakamakon gwajin Agusta kafin ya ce komai kan hawa tudu, kada mu kama otal. Maigidan ya karkata ga Afrilu, ni da shi da yara kawai. Baba kuwa da aka gaya masa cewa ya yi shi dama bai ce yana son ganin dutse ba, a bar shi ya je Jama Masjid ta Delhi ya yi Juma'a ya dawo gida. Yaran ne ban gaya wa ba tukuna. Baban Ummi, tikitin ƙaramin jirgin nan tun daga nan ake saye ko sai an isa?

Baban Ummi: Ta intanet ake saye a shafin IRCTC na jiragen ƙasan Indiya, amma rajistar da lambar waya ta waje na ba da wahala, ni wani ɗalibi ne ya saya mana. Ki nemi kujerun hannun dama in za a hau, ta nan kwarin yake.

Ɗalibi a Solan: In Allah ya kai mu Afrilu ina nan ban gama ba, Yaya ya yi min magana ta akwatin sirri in saya muku. Jirgin na tsayawa a Solan, zan fito tasha in karɓi yajina.

Malam Na Gembu: Na buɗe zancen Mambilla kamar yadda Admin ya ce. Mutum biyu ne kawai suka leƙa.